Gadon Gidan da Ba a Mutuwa

Babanmu malamin rabon gado ne. Yana ba da karatun littattafai a zaure bayan asuba, amma abin da aka fi saninsa da shi ke nan, daga Hayin Banki har Rafin Guza. In aka yi rasuwa aka share makoki, gidanmu ake nufowa da takarda a hannu, wani mai ɗan boko ya zana musu dangin mamacin: suna ɗaya a sama, layuka suna gangarowa zuwa mata da 'ya'ya da jikoki. In ba su tarar da shi ba sai su tura takardar ƙarƙashin buzunsa, ko su aika da ita cikin gida a ba Inna. Mahaifiyata ba ta karanta boko ko harafi ɗaya, amma ta san kamannin takardar gado ko daga nesa, kuma ba ta yarda ta wuni a hannunta.

A cikin 'ya'yansa mata ni kaɗai na kafe sai na shiga jami'a. Bai hana ni ba, bai kuma yi murna ba. Ranar da zan fara zuwa na durƙusa a bakin zaure ina yi masa sallama, ya ɗago daga littafinsa ya ce, "Sharaɗina ɗaya ne. Kada ki karanta abin da ba za ki iya maimaitawa a gabana ba. Ran da kika kai nan, karatun ya ƙare." Na ce to, da zuciya ɗaya, don a lokacin ban ga abin da zai gagare ni faɗa ba. Adabin Turanci zan karanta, ba boka zan zama ba.

Shekarar farko ta wuce lafiya. A ta biyu aka ɗora mana darasin tatsuniyoyin Girkawa da Rumawan dauri, kuma dole ne, ba zaɓi ba.

Malamar da ke koyar da shi wata 'yar siririyar mata ce mai ƙaton tabarau. Ba ta riƙe littafi. Sai ta jingina da tebur ta rage murya kamar mai kawo gulmar maƙwabta, ta ce, "Kun ji abin da wannan bawan ya sake yi kuwa?" Bawan kuwa sarkin gumakan Girkawa ne. Ajin ya cika maƙil, fanka na juyawa a kasalance, masu a'uzubillahi suna yi, 'yan coci su ma suna nasu, amma babu wanda ke fita ko da fitsari ya matse shi. Ni dai tun makon farko na san na shiga uku, domin daɗin abin nake ji ba kaɗan ba. Ranar da ta ba mu labarin uwar da aka sace wa 'ya aka kai ƙarƙashin ƙasa, ta yi fushi ta hana hatsi tsirowa a duniya sai an dawo mata da ita, a cikin keke na dawo gida ina share hawaye da gefen hijabi. Mai keken ya yi ta leƙena ta madubi, har ya ce Allah ya ba ni haƙuri.

To amma yaya zan durƙusa a gaban Baba in ce yau mun karanta yadda gunki ya auri gunkiya? Sai na yi shiru. In ya tambaye ni me ake koya mana, sai in ce tarihin Turawan dā. Ban yi ƙarya ba, amma ni da zuciyata mun san ban faɗi gaskiya ba.

Daɗin labari daban, jarrabawa daban. Mutanen nan dangi ne a cakuɗe, kowa ɗan kowa ne. Ga shi Rumawa da suka zo sun kwashi gumakan Girkawa sun sake musu sunaye, ko ragon suna ba su yanka ba, sai ya zama kowane ɗaya suna biyu gare shi, kuma babu wanda ke zama a harshena. A gwajin farko na mai da kawu ɗa, na mai da uwa ƙanwa. Malamar ta zagaye makina da jan biro, ta rubuta a ƙasa cewa ina son labarin amma ban san mutanen gidan ba. Na ji haushi ƙwarai, don gaskiya ta faɗa.

Sai na yi dabara. Na sami doguwar takarda na zana dangin kaf, amma ban sa sunan gunki ko ɗaya ba. Na ba su laƙabi irin namu, don su zauna mini a ka, don kuma kada a tsinci sunayen gumaka a gidan malam. Uban na sa masa Tsoho. 'Ya'yansa maza uku: Mai Ruwa, wanda teku ke hannunsa, da Mai Rami, na ƙarƙashin ƙasa, da ƙaraminsu wanda ya zama sarki, shi na kira Auta. Mata uku: Mai Murhu, Mai Hatsi da Uwargida. A gefe na rubuta wa kaina 'yan tunatarwa. Kusa da Tsoho na sa: yana raye, sun tsare shi. A ƙasa kuma: maza ukun sun raba abin da ya mallaka da ƙuri'a, matan ba su sami komai ba. Tsakanin Auta da Uwargida na ja layi biyu, alamar aure. Na ninke takardar na tura ƙarƙashin katifa, ina ganin na fi kowa wayo.

Ranar Laraba na dawo na ɗaga katifa, babu takarda. Inna ta fitar da shimfiɗu ta shanya saboda sanyin damina. Na duba bayan gado, na zazzage jaka, na tona kwandon shara. Ban iya tambayarta ba, don tambaya tana jawo tambaya. Na ce a raina iska ta ɗauke ta, Allah ya raka taki gona.

Ashe Inna ce ta tsinta. Ta buɗe ta ga suna a sama da layuka suna gangarowa, ta ɗauka wasu ne suka aiko aka ba ni na manta, ta yi mini ɗan tsaki a ranta, ta kai ta zaure ta tura ƙarƙashin buzu.

Kwana uku Baba ba shi da walwala. Tuwo yana dawowa daga zaure da saura. Na ji yana ce wa Inna an kawo masa wata takarda da bai taɓa ganin zalunci irin nata ba, kuma masu ita sun ajiye sun gudu. Daga baya na ji irin yawon da ya sha. Ya tambayi liman, ya tambayi mai unguwa. Ya tsayar da masu tura ruwa a kan layinmu ɗaya bayan ɗaya yana tambaya ko suna da ƙane da ake kira Auta. Wane gida ne ba shi da auta? Ɗaya daga cikinsu ya amsa da sauri cewa yana da shi, Baba ya ja shi gefe da fuska a ɗaure, sai mutumin ya rantse cewa ubansu ya daɗe a kabari, kuma jaki ɗaya ya bari, shi ma ya bi shi. Duk wannan ina ji sama-sama, ban kawo komai a raina ba, don rikicin gado a gidanmu kamar hayaƙin murhu ne.

Ranar Asabar bayan la'asar aka tsuge da ruwa, ɗalibai ba su zo ba. Sai na ji ya kira ni. Rabon da in wuce bakin zauren nan in zauna tun ina riƙe allo. Ya nuna mini gefen tabarma, ya ce rubutun ƙanana ne kuma idonsa ya gaji, in karanta masa da kyau ko akwai abin da ya tsallake. Ya miƙo mini takardar. Ina ganin ninkinta na gane tawa ce.

Abin da ya fi taɓa ni a wannan lokacin, kafin ma tsoro, shi ne Baba bai gane rubutuna ba. Ya san hannuna a allo, shi ya gyara mini riƙon alƙalami, amma bai taɓa ganin yadda nake rubuta boko ba.

Na fara karantawa. Yana sauraro yana girgiza kai.

"Kin ji ko? Uba yana raye. Sun tsare shi sun raba kayansa, sannan suka turo mini takarda wai in sa musu albarka. Ƙuri'a tana da wurinta, amma sai an fitar wa kowa haƙƙinsa. Ina tumunin uwarsu, kashi ɗaya cikin takwas? Ina rabon 'yan matan nan uku?" Ya ɗora yatsa a kan layi biyun nan. "Wannan kuma kuskuren mai rubutu ne, ya haɗa mutum da 'yar'uwarsa. Allah ya sa kuskure ne."

Zan iya karantawa in tashi abina. Har na fara tattara zane. Sai ya ce, kamar da kansa yake magana, shi ba mazan ne suka dame shi ba, matan ne. Mai sayar da hatsi da mai dafa abinci, da ganin laƙabinsu ka san da guminsu suke ci. Ya ce in Allah ya kai mu Juma'a zai roƙi liman ya yi shela, duk wanda ya san gidan ya zo ya faɗa.

Na hango Baba tsaye a gaban jama'ar Juma'a yana neman haƙƙin gumakan Girkawa. Dariya ta taso mini, kuka ya biyo ta. Na ce, "Baba, takardar tawa ce."

Ya dube ni. "Wa ya ba ki?"

"Ni na rubuta. Ba mutane ba ne. Gumakan Girkawan dauri ne, su ake koya mana. Na sake musu suna ne don kada ka gani."

Ruwa na dukan kwanon rufi. Ya karɓi takardar ya kai ta kusa da ido, ya daɗe yana kallo. Na san abin da ke tafe. Na riga na fara yi wa ajin nan da malamar da fankar kasala bankwana a raina.

"Wannan hannunki ne," ya ce. Ya ajiye ta a kan buzu. "Me na ce miki ranar da za ki fara?"

"Kada in karanta abin da ba zan iya maimaitawa a gabanka ba."

"To ga ni, ga ki. Maimaita."

Na gyara zama na fara, ina tauna kalma kafin in fitar. Na ba shi labarin Tsoho da yadda ya ture nasa uban, da yadda aka gaya masa shi ma ɗansa zai ture shi. Na yi tsalle na wuce wani wuri, sai ya ɗaga hannu.

"Koma baya. Na tsufa ina zama da magada masu ɓoye ɗa. Na san inda labari ya yi tsalle."

Dole na faɗa masa cewa Tsoho haɗiye 'ya'yansa yake yi da zarar an haife su, har sai da uwar ta gaji, ta naɗe dutse a zanen goyo ta miƙa masa a madadin Auta, ya haɗiye bai tauna ba. Daga bayan ƙofar cikin gida aka ce, "Madalla da wannan mata." Ashe Inna tana nan tsaye da kwanon fura tun ɗazu. Baba ya yi gyaran murya, amma na ga gemunsa yana motsi.

Da muka iso layi biyun nan na sunkuyar da kai na ce ba kuskure ba ne. Ya yi a'uziyya sau uku, ya ce in wuce. Da na kai wurin rabon ya sake tsayar da ni.

"To daga baya Tsohon ya mutu?"

"A'a, Baba. Ai su ba sa mutuwa."

"Dukansu?"

"Dukansu. Haka masu labarin suka ce."

Sai ya jingina da bango ya yi dariya, irin wadda ban taɓa ji daga bakinsa ba, har hularsa ta karkace. "Gidan da ba a mutuwa, me ya kai su rabon gado? Ai wannan ƙwace ne tsagwaronsa. Kwana uku ina neman magada a gidan da babu mamaci." Ya share ido da hannun riga. "Wanda ba ya mutuwa ɗaya ne, kuma ba shi da uba balle ya tsare shi. Waɗannan rikicin gidajensu ne suka ɗauka suka kai sama. Duk wanda kika lissafa na taɓa zama da irinsa a zauren nan."

Daga nan ya daina dariya. Ya tambaye ni ko akwai abin da ya taɓa imanina a cikin karatun. Na ce babu. Na ƙara da abin da ban yi niyyar faɗa ba: cewa ina son labaran, sosai ma, kuma na yi kuka saboda Mai Hatsi da 'yarta. Na ce in zai hana ni, ya hana ni yana sane da wannan.

Ya ce su ma da suna neman Larabci sun haddace waƙoƙin mutanen jahiliyya, da giyarsu da rantsuwarsu da gumakansu, a gaban malaman da suka fi shi tsoron Allah, kuma babu wanda ya tashi daga karatun ya je ya yi wa dutse sujada. "Gumakan ba su ɓata mini rai ba. Ɓoyon ne. Sharaɗin da na kafa miki ba don ki rufe baki na kafa shi ba, don ki riƙa zuwa kina faɗa mini ne. Shekara biyu ina jira." Wannan maganar ta fi mari zafi, kuma har yau in na tuna ta sai na ji kunya.

Ya bar ni na gama sharar hawaye, sannan ya jawo takardar. "Kuma zanen naki ba shi da kyau. Da wannan za ki shiga jarrabawa?"

Ya aike ni na kawo sabuwar takarda da biro. Ya ce ba a bin dangi a kwance, gangarawa ake yi, a gama da mutum ɗaya kafin a taɓa na kusa da shi. Da muka zo kan 'ya'yan Auta, waɗanda su ne suka kayar da ni a gwaji saboda yawansu, ya ce in daina jera su a ƙarƙashin uba kamar shanya. "Ɗaki-ɗaki ake yi. Rubuta uwar tukuna, sannan ki sa nata a ƙasanta. Uwa ba ta ruɗewa." Haka muka bi su, yana tambaya ina amsawa: wannan da wancan uwa ɗaya uba ɗaya ne ko 'yan uba? Da na ce masa akwai wadda ta fito daga kan ubanta da girmanta, ba ta da ɗaki, ya riƙe haɓa ya ce a ware mata gefe guda sai an yi bincike. Sunayen Rumawa kuwa ya ce in ɗauke su kamar matar da ake kira da suna ɗaya a gidan ubanta, da wani a gidan miji, in rubuta su a jere kada in ƙirga ta sau biyu. Kafin a kira magariba gidan Tsoho ya zauna mini a ka daram, fura kuma ta ƙare.

Daga ranar, duk Asabar bayan la'asar sai ya ce, "Ina labarin mutanenki?" Yana sauraro yana yanke hukunci. Wanda ya sato wuta ya ba mutane, ya ce a duba niyyarsa. Wanda aka ce kada ya waiwaya ya waiwaya ya rasa matarsa, Baba ya ce wannan kam ya ba shi tausayi. Inna ba ta ƙara laɓewa ba, kujerarta take jawowa bakin ƙofa tana tsince shinkafa tana sa baki. Akwai wuraren da nake cewa, "Baba, nan sai dai in taƙaita," shi kuma ya ce, "Taƙaita." Wannan ma mun ɗauke shi cikin maimaitawa.

Na ci jarrabawar da maki mai kyau. Malamar ta tsayar da ni a baranda ta tambaye ni wa ya koya mini raba 'ya'ya ta wajen uwa, don ba ta taɓa ganin an zana su haka ba. Na ce mahaifina. Ta ce a wace jami'a yake koyarwa? Na ce a zaure.

Ba a yi wata biyu ba wata mata ta zo daga Rafin Guza bayan ta fita takaba, ita da 'yan'uwan mijinta, ba su da takarda, kowa na faɗin nasa a lokaci ɗaya. Ina wanke-wanke na ji Baba ya kira ni, ya ce in zo da biro. Na shiga na zauna a gefen tabarmar nan. Wani daga cikin mazan ya dube ni ya dubi Baba. Baba ya ce, "Ku faɗa mata, ɗaki-ɗaki. Ta warware gidan da ya fi naku rikici." Tun daga ranar ni ke zana masa, har bayan da na yi aure, kuma matan da ke jin nauyin magana a gaban maza ni suke raɗa wa.

Bara ina gyara masa zaure na ɗaga buzun, sai ga tsohuwar takardata ta farko, ta yi ja ta yi laushi. A gefen sunayen Mai Murhu da Mai Hatsi da Uwargida akwai ƙananan rubutun ajami da tawadarsa. Ya fitar wa kowacce rabonta, da na uwarsu. Na kai masa na ce, "Baba, ba kai ka ce babu gado a gidan Tsoho ba?"

Ya karɓa ya ninke ta yadda take, ya miƙo mini. "Mayar da ita inda kika ɗauko. In Tsohon ya taɓa mutuwa, haƙƙin matan nan yana nan a ajiye."